Talla Jiya da Yau: Daga Kalangun Mahauta Zuwa Fuskar Waya

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa kafin waya ta shiga aljihun kowa ya san cewa talla da kunne ake karɓar sa. Tun da sassafe masu koko da ƙosai ke fara ratsa lunguna. Hantsi na yi sai masu fura da nono, sai mai gyaran takalmi yana bubbuga akwatinsa, sai mai yankan farce yana kaɗa almakashi. Kowace sana'a da nata sautin. Matar da ke ƙuryar ɗaki ba sai ta leƙo ba, murya kawai za ta ji ta san ko wace ce, ta san gidan da aka ɗoro tallan, ta san ko mai ƙosan tana da tsafta. A garuruwa da yawa kuwa, da an ji kalangu ya tashi daga wajen mahauta an san an yanka sa, mai son nama mai kyau sai ya hanzarta. Babu allo, babu rubutu, amma saƙo ya isa ko'ina.

Hukuma ma haka take yi. Idan sarki yana da magana, sankira ne zai zaga gari yana shela, kowa ya tsaya ya kasa kunne domin an san ba ya fitowa a banza. A kasuwa kuma akwai dillali. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ta daɗe tana karɓar fataken da ba su san kowa a gari ba. Abin da ke sa baƙo ya saki dukiyarsa hankali kwance shi ne akwai fatoma da ya sauke shi, akwai dillalin da ya tsaya masa. Dillali zai yabi kaya, zai ci la'adarsa, amma gobe ma a rumfar nan za a same shi. Idan ya yi ƙarya ba sai an kai shi gaban alƙali ba, sunansa ne zai ɓaci, kuma da sunan yake ci.

A ganina wannan shi ne ginshiƙin tallan da: wanda ya kira ka yana da inda ake samun sa. Aron hankalinka yake yi, mutuncinsa kuma shi ne jingina.

Wannan ba ya nufin a da ba a san dabarar jan hankali ba, ko ba a san yaudara ba. Ranar kasuwa za ka ga mutum ya shimfiɗa buhu a gefen hanya, ya ajiye akwati a rufe. Ba zai fara da zancen magani ba. Makaɗinsa ne zai fara, shi kuma yana zagayawa yana kirari, ya ɗaga murfin kaɗan ya mayar. Yara su fara taruwa, manya su tsaya ganin abin da ya tara yara. Can sai ya zaro maciji ya rataya a wuya, mata su yi ihu su ja da baya, amma ba mai tafiya. Sai da'ira ta cika, na baya suna ɗage, sannan zai kwance ƙullin magani. A daidai lokacin ne wani daga cikin taron zai ɗaga murya ya ce shi ya saya a kasuwar da ta wuce, kuma wallahi ya ga aiki. Wasu sun san yaronsa ne, wasu ba su sani ba.

Gardin nan bai taɓa zama a aji ba, amma ya san duk abin da manyan kamfanonin talla ke koyarwa a yau: ka tsayar da mutum tukuna, ka riƙe shi, sannan ka nuna masa kaya, ka kuma kawo wanda zai ba da shaida. Bambancin kawai shi ne, irinsa sau ɗaya ake gani a mako, a gefen kasuwa yake, kuma dattawa sun san shi ɗan wucewa ne. Tsakiyar kasuwa ta masu rumfa ce.

Da boko ya zo, talla ya samu sabuwar hanya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma a hankali kamfanoni suka samu shafin da za su yi wa Bahaushe magana da harshensa. Akwai kuma majigi, wanda ake kafawa da daddare a ƙofar fada ko a filin makaranta don wayar da kan jama'a kan tsafta da noma, 'yan kasuwa kuma suka ga taron ya yi musu, suka bi sahu. Amma masu iya karatun boko ba su da yawa a lokacin, majigi kuma sai an daɗe bai zo ba. Wanda ya shiga kowane gida shi ne rediyo.

Tun da gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, murya ɗaya ta zama tana isa Sakkwato da Maiduguri a lokaci guda, har ta tsallaka Nijar da Kamaru da Chadi. Manomi ya rataya akwatinsa a reshen bishiya, makiyayi ya rataya a kafaɗa, tela ya ajiye a gefen keke. An ga ƙarfin wannan murya lokacin da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilun 1972, da kuma lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a watan Janairun 1973. Sauye-sauye ne da suka shafi kowa, mai karatu da marar karatu, kuma rediyo da mawaƙa ne suka ɗauki kaso mai tsoka na aikin fahimtar da jama'a.

A nan ne hikimar talla da Hausa ta nuna kanta sosai. Mai rubuta tallan rediyo yana da minti guda ko ƙasa da haka, ba shi da hoto, ba shi da launi. Sai ya koma ga abin da Bahaushe ya gada: ɗan wasan kwaikwayo tsakanin maigida da uwargida, ko tsakanin baƙauye da ɗan birni, ko amshi mai sauƙi da yaro zai kama a ji ɗaya. Mutanen da yanzu suke da jikoki har gobe suna iya rera tallan sabulu ko na ɗanɗanon miya da suka ji suna yara, alhali wasu kamfanonin ma sun daɗe da rufewa. Tallan ya zauna a kai ne saboda an gina shi a kan rayuwar mai sauraro, an kuma yi ta maimaita shi a lokacin da babu muryoyi da yawa da ke gasa da shi.

Daga nan abubuwa suka riƙa ƙaruwa. Kano ta buɗe gidan talabijin ɗinta na CTV a zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, harkar fina-finan Hausa ta bunƙasa, kuma farkon kowane kaset ya zama dandalin tallan fina-finai masu zuwa. Sau da yawa waƙa ɗaya da aka gutsuro a tallan ita ke sa a yi layin sayen fim. A ƙarshen 2003 Freedom Radio ta fara aiki a Kano, gidajen rediyo masu zaman kansu suka biyo baya, mai shago a Kantin Kwari da mai makarantar kuɗi da mai maganin gargajiya suka samu damar jin sunayensu a iska.

Sai dai wancan zamani yana da ƙofa, kuma ƙofar tana da masu gadi. Kafin tallanka ya fita sai ka biya kuɗi mai kauri, sai ma'aikatan gidan sun saurara, kuma tun 1988 akwai hukumar da gwamnatin tarayya ta kafa don sa ido kan harkar talla. Wannan ya tace ƙarya da yawa, amma ya bar talaka a waje. Matar da ke haɗa turaren wuta a ɗakinta, komai ƙamshinsa, ba ta da hanyar da za ta sanar da kowa sai maƙwabta, sai dillaliya, sai kuma kan 'yarta.

Abin da ya ɓalle ƙofar daga nesa ya taso. A watan Oktoban 1994 wata mujallar intanet a Amurka mai suna HotWired ta liƙa tallan kamfanin waya na AT&T a saman shafinta. Saboda sabon abu ne, mutane suka yi ta latsawa don su ga abin da ke ciki. Yau irin wannan tallan, a cikin mutum ɗari da suka gan shi da wuya a samu ɗaya ya taɓa. Ido ya koyi tsallake shi. Don haka aka shiga neman sabbin dabaru. A 2000 Google ya fara nuna wa mutum talla daidai da abin da ya rubuta yana nema. Facebook ya zo a 2004, YouTube a 2005, kuma duka a kan ciniki ɗaya suka tsayu: kai ka shigo kyauta, su kuma su sayar wa masu talla lokacin da ka ɓata a ciki. A 2023 kaɗai, kamfanin Meta mai Facebook da Instagram da WhatsApp ya samu fiye da dala biliyan 130 daga talla. Tun a 1971 wani masani ɗan Amurka, Herbert Simon, ya hango cewa idan bayanai suka yi yawa, abin da zai yi ƙaranci shi ne hankalin masu karɓar su. Abin da ya yi ƙaranci kuwa shi ke tsada.

Mu a nan wayar salula ta GSM ta iso Najeriya a 2001, lokacin da mallakar layi ma sai mai hali. Cikin shekaru kaɗan wayoyi masu araha suka cika kasuwanni irin su Farm Centre a Kano. Da WhatsApp ya kawo sitatus a 2017, kowace waya ta zama rumfa. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023 kuma ya tilasta wa har masu shayi da masu kayan miya karɓar taransifa. Daga nan ciniki ya cika sharuɗɗansa ba tare da an haɗu ba: a gani a waya, a yi tayi a waya, a biya a waya, a kai tasha a ba direba.

To, mene ne ke tsayar da mutum a wannan sabuwar kasuwa? Ya kamata a fahimci yadda abin yake aiki. A TikTok ko Facebook ba kai kake zaɓar yawancin abin da kake gani ba, wani tsarin lissafi ne ke zaɓa maka. Tsarin nan bai san kyau ba, bai san muni ba, bai san gaskiya ba, bai san ƙarya ba. Abin da ya fi aunawa shi ne inda babban yatsanka ya tsaya, daƙiƙa nawa ka yi, ko ka maimaita, ko ka yi sharhi, ko ka tura wa wani. Wanda ya tsaya don sha'awa da wanda ya tsaya don takaici duk sun tsaya. A YouTube ana ba mai kallo damar tsallake talla bayan daƙiƙa 5, wato mai talla ba shi da minti gudan nan na rediyo. Kafin a ƙifta ido sau biyu an yanke masa hukunci.

Shi ya sa buɗewar bidiyo ta zama komai. Fuskar mutum kusa da kyamara, hawaye, ihu, damin kuɗi a kan gado, tururin abinci, hoton fata kafin shafa mai da bayan shafawa, farashin da aka soke aka rubuta rabinsa, gargaɗin cewa saura guda uku. Masu barkwanci sun gano cewa idan aka fara da talla za a wuce, sai suka riƙa binne shi a tsakiyar wasa, sai dariya ta kama ka sannan sunan shago ya fito. Da fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka karɓe kallo daga 2020, masu talla suka bi 'yan kallo har can. Akwai basira ta gaske a cikin wasu daga waɗannan ayyuka. Yaron da bai taɓa shiga ɗakin haɗa shiri ba yana iya tsara abin da zai sa dubban mutane dariya da wayar hannunsa kaɗai, kuma da Hausar unguwarsu, ba Hausar da aka fassaro daga Legas ba.

Na taɓa zama ina kallon wata ƙanwata mai sayar da atamfa da leshi daga gida tana shirya tallanta. Ba ta ɗauka da rana tsaka, sai bayan la'asar, lokacin da haske ya yi laushi. Ta shimfiɗa farin zanin gado a tsakar gida, ta warware turmin, ta riƙe waya da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana shafa zanen a hankali don a ga kaurinsa. Ta juya bayansa ta nuna, ta matso da kyamara kan rubutun gefe, ta ɗaga shi a rana ta kuma kai shi inuwa saboda kada launi ya ruɗi mai kallo. Sannan ta faɗi kuɗin da bakinta, ba ta ce sai an biyo ta ta akwatin saƙo ba. Da ta zo kan wata atamfa mai arha, sai na ji ta ce wannan tana ɗan zuba a wankin farko, a wanke ta ita kaɗai. Na tambaye ta ko wannan ba zai kori mai saye ba. Ta ce, "Yaya, ai wadda ta saya sau ɗaya ba ita ce riba ba. Wadda ta dawo, ta kuma turo ƙawarta, ita ce riba." Mabiyanta ba su da yawa, ba ta rawa, ba ta faɗa da kowa, amma kayanta suna zuwa garuruwan da ita kanta ba ta taɓa takawa ba.

Wannan alheri ne da bai kamata a raina ba. Shekara da shekaru sana'ar matan aure ta dogara ne a kan yara masu ɗaukar faranti. Kowa ya san abin da hakan ya ci: karatun da aka rasa, dare da ake kaiwa a tasha, da haɗurran da yarinya ke faɗawa ciki waɗanda iyaye ba sa son ambata. Waya ba ta kawar da wannan ba, domin mai ƙosan da ke neman na cefanen yau har yanzu 'yarta take ɗora wa. Amma ga mata da yawa masu ɗinki da girki da turare da kayan ɗaki, yanzu kasuwa ce ke zuwa har ɗaki, yarinya kuma tana aji. Haka ɗan kasuwar Kwari ke samun masu saye daga Maraɗi da Yamai da Garwa da Kumasi, mai hatsi a Dawanau ya nuna buhu a buɗe kafin a turo kuɗi. Ƙofar da a da sai mai kuɗi ke shiga yanzu a buɗe take.

Amma da aka buɗe ta, kowa ya shigo, kuma tsarin lissafin nan ya fi son mai maciji a kan mai rumfa. Wanda a da yake gefen kasuwa shi ne yanzu a tsakiya, kuma ba sau ɗaya a mako ba, kullum ne, har kan shimfiɗar barci. Mun ga yadda ake shirya rigimar ƙarya tsakanin mutum biyu, su yi ta zage-zage na kwanaki, idan mabiya sun taru sai a wayi gari kowannensu yana tallan kaya. Mun ga yadda masu tallan maganin ma'aurata ke furta kalaman da a da ko a majalisar samari ana jin nauyin su, alhali wayar tana hannun yara. Mun ga kwalba ɗaya da aka ce tana maganin ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa da sammu. Wasu ma suna nuna lambar hukumar NAFDAC a matsayin hujja, alhali lambar da hukumar ke ba maganin gargajiya a matakin farko tana nuna an duba cewa ba ya cutarwa ne, ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da aka lissafa. Mai ciwon da ya ajiye maganin asibiti saboda irin wannan talla, ransa aka yi ciniki da shi.

Yaron gardi ma ya samu sabon aiki. Malaman fiƙihu sun daɗe suna bayani kan najashi, wato mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wannan. Sananne ne kuma yadda ya tura hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar masa kan ɓoye aibi. Yau ana sayen mabiya, ana sayen sharhin yabo, ana ƙirƙirar hoton hira da wata mai godiya da ba ta wanzu ba, ana ɗauko hoton kayan wani a sa a matsayin nasa. Wata 'yar uwata ta tura kuɗin leshin biki bayan ta ga ruwan yabo a ƙarƙashin hoton. Abin da direba ya miƙo mata ko kusa bai yi kama da shi ba, da ta yi magana kuma aka toshe lambarta. Babu rumfar da za ta je, babu shugaban kasuwar da za ta kai wa ƙara. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Mafi ciwo shi ne inda aka mai da zumunci kansa hanyar talla. Tsarin zuba kuɗi na MMM ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ya rufe asusun mutane a watan Disambar 2016. Wani irinsa, CBEX, ya yi alkawarin ninka kuɗi, ya ruguje a watan Afrilun 2025. Duka biyun ba allon kan titi ne ya jawo musu jama'a ba. Aboki ne ya turo wa aboki, ƙane ya shigar da wa, abokin aiki ya nuna alat a wayarsa, domin an yi wa kowa alkawarin lada idan ya kawo wani. Da abin ya fashe, ba kuɗi kaɗai aka rasa ba, akwai gidajen da har yau ba a gaisawa. A 2024 kuma mun ga matasa da magidanta sun duƙufa suna dannan fuskar waya a wasan Hamster Kombat, ana sa su kallon bidiyo da bin shafuka don tara maki. Da aka zo rabo a watan Satumba, da yawa abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Watanni aka yi ana karɓar hankalinsu, su kuma suna ganin su ne ke shirin karɓa.

Hukuma tana ƙoƙari. A 2022 aka yi sabuwar doka da ta sauya hukumar kula da talla zuwa ARCON, aka kuma faɗaɗa ikonta har kan tallan intanet. Amma gaskiya ita ce babu ofishin da zai iya tace sitatus na miliyoyin mutane da ke ɓacewa bayan awa 24. Masu gadin waccan ƙofa ba za su dawo ba, kuma ban ga dalilin fatan su dawo ba, tunda su ne suka tsare ƙanwata da ire-irenta a waje. Abin da za a iya dawo da shi shi ne jinginar nan: mai talla ya kasance yana da suna da wuri da abin da zai rasa idan ya yi ƙarya.

A nan nauyi ya fi hawa kan masu tarin mabiya, 'yan fim da mawaƙa da masu barkwanci da duk wanda jama'a ke saurara. Su ne dillalan wannan zamani. Wanda ya karɓi kuɗi ya ce ya gwada abin da bai gwada ba, ko ya tura mutane su sayi filin da bai taɓa gani ba, ba zai ce shi talla kawai aka ba shi ba. Mutane ba kamfanin suka sani ba, shi suka sani, kuma da yardar da suka yi masa aka karɓi kuɗinsu. Mafi ƙarancin abin da ake bin sa shi ne ya bincika kafin ya buɗe baki, ya kuma faɗa a fili cewa biyan sa aka yi. Mu masu kallo kuma ya kamata mu san cewa tsayawarmu ƙuri'a ce. Duk bidiyon zagin da muka tsaya a kai, ko da don mu yi tir ne, mun ƙara masa tafiya.

Ina son talla mai hikima, kuma ina alfahari idan na ga an yi shi da Hausa mai daɗi. Amma bayan duk waɗannan sauye-sauye na gamsu cewa tsayar da mutum shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Maciji ma yana tsayarwa, zagi ma yana tsayarwa. Gwanintar ita ce mutum ya tsaya, ya saurara, ya saya, kayan su iso hannunsa, sannan ya ji bai yi nadamar tsayawar ba. Wannan ne kaɗai tallan da ke haifar da wani cinikin.

Kakanninmu sun yi fataucin goro daga Gwanja zuwa Kano, sun kafa zango a Kumasi da Sabo a Ibadan, suna karɓar kaya bashi suna aika kuɗi ta hannun mutane tsawon tafiyar watanni, ba tare da banki ba. Abin da ya riƙe wannan harka shi ne an san maganar ɗan kasuwar Bahaushe tana da nauyi. Wannan suna gado ne da wasu suka sha wahalar tarawa. Matasan da ke ciniki ta waya a yau su ne ke riƙe da shi, kuma duniya ta fi ganin su fiye da yadda ta taɓa ganin wani farke. Kowane kaya da suka aika daidai da hotonsa ƙari ne a kan gadon, kowace lamba da suka toshe bayan karɓar kuɗi kuma ragi ce daga abin da 'ya'yansu za su tarar. Ina roƙon su da su riƙe shi da kyau.